Shekarar da Gari Ya Zuba wa Addar Casilda Ido

Ka taɓa ɗaga adda a kan shukarka tana tsaka da kyau, ka datse ta daidai gwiwa, don kawai kada iska ta riga ka? A ƙauyenmu na 'yan ƙabilar Garifuna, nan bakin tekun Honduras, duk macen da ke da gonar rogo ta san wannan aiki. Lissafinsa ba wuya. Rogo in ya yi tsawo ya cika ganye, guguwar teku takan kama shi ta ka, ta yi ta jijjiga har ta tumɓuke saiwar, saiwa kuwa da ta sha iska kwana biyu ko uku sai ta fara baƙi. In an datse shi, iska ba ta da abin kamawa. Sai dai saran ma yana da tasa asarar. Rogon da aka datse yakan janye garin da ya tara a ƙasa ya kai wa sabon toho, ranar gurza a ga ruwa ya fi gari yawa, kwando uku ya koma biyu. Shi ya sa ba a sara don tsoro kawai. Sai an tabbatar guguwar tana tafe, kuma babu wanda ya taɓa tabbatarwa.

Casilda Arzú ta doshi sittin. A nan aka haife ta, a gindin allon gurzar mahaifiyarta ta koyi yin ereba, busasshiyar gurasar rogon nan mai faɗin faifai da ke wata da watanni ba ta lalace ba. 'Ya'yanta uku duk suna birni, sukan kira ta ran Lahadi, ta ce musu lafiya lau. Gonarta na kan tudu bayan tafki, tushe ɗari huɗu da goma, duk jan rogo mai ɗaci wanda ya fi kowane iri ba da gari. A da kowa na da shi. Guguwar bara waccan ta turo ruwan gishiri ya kashe gonakin kwari gaba ɗaya, aka koma dasa farin rogon da aka samo daga waje. Jan bai rage ko'ina ba sai a tudun Casilda, kuma mata tara ne ke jiran ya nuna ta ba su itacensa su dasa.

Wannan guguwar dai ita ta tafi da mijinta, Nicanor. Suna cikin saran rogo ya rataye rigarsa a wani kututture, ya ce bari ya sauka ya ƙara jan kwalekwale sama, yanzu zai dawo. Rigar ce kawai ta dawo gida.

Tun daga nan Casilda ba ta fasa komai ba. Tana tashi, ta gurza, ta matse, ta tankaɗe, ta gasa. A gaishe ta ta amsa. A ba ta labarin haihuwa ta ce madalla, a ba ta na mutuwa ta ce Allah ya ji ƙai, duk da murya ɗaya. Abinci ma ta ce duk ɗanɗanonsa ɗaya ne yanzu.

Lokacin guguwa na farawa a Yuni. Baba Evaristo, tsohon masunci da ƙafa ta hana shi shiga teku, shi ke zama gindin mangwaron bakin coci da rediyonsa yana ba gari labari. Rediyo kan raɗa wa kowace guguwa suna, Casilda kuwa ta daina riƙe sunaye, lamba kawai take ji. Ta ɗaya ta mutu a tsakiyar teku. Ta biyu da ta uku suka yi arewa. Ta huɗu ruwa kawai ta zubar, ya yi wa masara daɗi.

Ta biyar ce, cikin Agusta, rediyo ya ce ta miƙo wajenmu. Gari ya tashi. Maza suka ja kwalekwale, aka buga katako a tagogi, mata suka hau gonaki da adduna. Casilda ma ta ɗauki addar Nicanor ta hau tudu. Tana isa bakin gona ta ga kututturen. Ta zauna kusa da shi, addar a cinyarta. Ba ta yi kuka ba, ba kuma wani tunani take yi ba. Tururuwa ta yi ta kallo suna jan mataccen ƙwaro, har rana ta yi sanyi, sannan ta sauko ba ta taɓa ko tushe ɗaya ba.

Guguwar ta karkata ta wuce. Washegari rana tarwai, gonakin gari duk a aske, na Casilda kaɗai ke tsaye kore shar.

"Ke Casilda, zo nan," in ji Baba Evaristo da ta zo wucewa da damin itace. "Tsakaninki da Allah, ciwon gwiwarki ne ke gaya miki guguwa za ta zo ko ba za ta zo ba, ko kina ɓoye rediyon da ya fi nawa?"

"Zama kawai na yi, Baba."

"Kun ji ta! Wai zama kawai ta yi. Mu kuma da muka tashi, ga mu nan mun aske gonakinmu kamar kan jariri ran suna."

Aka yi dariya. Ita ta gyara kayanta ta wuce.

Ta takwas ta taso a Satumba. Da rediyo ya fara gargaɗi, mata shida suka bi ta ƙofar Casilda, kowace da dalilinta, wannan aron rariya, waccan neman garwashi. Abin da suka zo gani shi ne adda, addar kuwa tana rataye a ƙusa, mai ita na tankaɗe. Suka koma suka rataye nasu. Ta takwas ma ta wuce, ko kwano ɗaya ba ta ɗaga ba.

Shi ke nan magana ta zauna. Masunta suka fara tsayawa suna tambayarta ko su fita gobe. Takan ce "Uhm," su tafi suna gardamar ko i take nufi ko a'a. Ba ta gyara musu ba. Gyaran na bukatar dogon bayani, ita kuwa ba ta da ƙarfinsa.

Ta goma sha uku ta zo a makare, farkon Nuwamba, lokacin da har an fara cire katakon tagogi. Ba daga nesa ta taso ba, nan kudu da mu ta haɗu, tana tafe a hankali tana ƙara ƙiba. Teku ya canja numfashi, igiyar ruwa na zuwa doguwa ɗaya bayan ɗaya alhali ko ganye ba ya motsi. Rediyo ya yi ta magana. Amma sau biyu ke nan yana tayar da gari a banza, mutane sun gaji. Kowa ya leƙa ƙofar Casilda, ya ga adda a ƙusa, ya koma harkarsa.

Da hantsi Remigia ta shigo. Ƙanwar Nicanor ce, mai suyar kifi a bakin ruwa, macen da ake jin muryarta tun ba a ga fuskarta ba. Ita ta fara sara a Agusta, har aka laƙaba mata sarkin tsoro.

"Matar yaya, ana ta aiki? Wai wannan guguwar fa, ta zuwa ce ko ita ma 'yar barazana ce?"

"Ban sani ba."

"Haba, ni ma sai an ja min rai? Ni ce fa. Ki raɗa min, ba zan gaya wa kowa ba sai mutum goma."

"Ban sani ba, Remigia. Ban taɓa sani ba."

Remigia ta ajiye kwanon kifin da ta kawo. "To na Agusta fa?"

"Na je zan sara. Na ga inda ya rataye riga. Na zauna."

"Na Satumba?"

"Ban ma je ba."

Ta faɗe shi kamar mai faɗin gishiri ya ƙare, hannunta bai bar rariya ba. Remigia ta tsaya tana kallonta, sannan ta juya ta kalli teku ta ƙofa.

"Kin san gida nawa ke kallon ƙusar nan taki? Sha bakwai. Har da nawa, ni shashasha."

"Wa ya ce su kalla?"

"In ta zo, jan rogon nan fa?"

"Sai ya tafi."

"Sai ya tafi! Kin ji ki. Mata tara na jira, ke kina cewa sai ya tafi kamar baƙon da ya gama kwanakinsa." Ta zaro addar daga ƙusa, ta ƙwace rariyar, ta danƙa mata ƙotar a hannu. "Ni in na fita da adda, cewa za su yi sarkin tsoro ta sake tashi. Ke za ki fita. Ba na ce ki ji komai ba, ko ki san komai. Riƙe ta kawai yadda makaho ma zai gani, mu bi ta gaban coci."

Casilda ta kalli addar. Tashi da zama duk ɗaya ne a wurinta, ga kuma Remigia ta tsaya mata a ka. Ta tashi.

Suna zuwa gindin mangwaro Baba Evaristo ya ga abin da ke hannunta. Ya kashe rediyon da ya wuni yana faɗin abu ɗaya ba mai saurare. "To jama'a, an gama magana," in ji shi. Kafin su kai tafki, mata na ta fitowa suna ɗaura ɗankwali, maza na gudu bakin ruwa.

A bakin gona Casilda ta ja ta tsaya. Remigia ta kama gwiwar hannunta. "Nicanor ba ya nan, matar yaya. Ni ma na sha dubawa. Mu fara daga can ƙarshe."

Daga can suka fara. Sara ɗaya a karkace daidai gwiwa, a zage ganye, a tara itace ashirin a ɗaure, a kwantar da damin cikin rami a bayan tudu inda iska ba ta bugu, a rufe da ƙasa a danne da duwatsu. Hannun Casilda ya san aikin, bai tambaye ta komai ba. Yayyafi ya fara, ya tsaya, ya dawo da ƙarfi. Remigia na sara tana zagin guguwar da uwar da ta haife ta, tata gonar ta farin rogo kuwa ko leƙa ta ba ta yi ba. Sun kai tushe ɗari biyu da sittin lokacin da iska ta fara ƙwace damin daga hannunsu. Suka binne dami na goma sha uku, suka sauko suna dafa juna. Layukan da ke kusa da kututturen ba a kai gare su ba.

A coci gari ya fake, don shi ne ginin siminti. Casilda ta zauna jikin bango da addar a gefenta. Yara na kuka, tsofaffi na addu'a, kwanon gidaje na wucewa a sama da ƙara. Wata ta tambaye ta ko tana jin tsoro. Ta duba a ranta, ta ce a'a.

Da gari ya lafa aka fita lissafi. Cikin gidaje sittin da ɗaya, ashirin da uku babu rufi. Kwalekwale biyu sun tafi, da aladu huɗu. Mutum ko ɗaya bai mutu ba. A kan tudu, tushe ɗari da hamsin da ba a datse ba duk suna kwance saiwa a sama, in ban da goma sha ɗaya, itacensu ya kakkarye ya ɗaye, ba ya dasuwa. Ɗari biyu da sittin da aka datse suna nan daram, guntaye, cikin laka.

Ba lokacin jimami. Rogon da iska ta tumɓuke dole a gurza shi kafin ya yi baƙi, na Casilda da na Remigia da na duk wanda bai gama sara ba. Aka haɗa allunan gurza a farfajiyar coci, aka yi ta yi har yatsu suka fashe. Erebar da aka gasa ita gari ya ci kafin hanya ta buɗe.

Bayan mako biyu Casilda ta tone ramin. Dami goma sha uku, lafiya ƙalau, idanun itacen har sun fara kumbura. Mata tara aka sani, goma sha huɗu suka zo. Ta yanka gaɓa-gaɓa ta raba, ba wadda ta koma hannu wofi.

"Sau uku!" Baba Evaristo ke gaya wa duk baƙon da ya zauna kusa da shi. "Biyu Casilda ta ce guguwa ba za ta zo ba, ɗaya ta ce za ta zo. Ni rediyon nan sayar da shi zan yi."

"Ban sani ba, Baba," in ji Casilda.

"Kun ji ta kuma!"

Daga baya Remigia ta bi gida-gida ta faɗi gaskiyar lamarin. Rabin mutane suka yarda, rabi suka ce kishi ne.

Ranar da rediyo ya ce lokacin guguwar bana ya rufe, Casilda da Remigia suna kan tudu suna dasa layukan kusa da kututturen. Guntayen da aka datse sun fitar da toho ja-ja. Remigia ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Matar yaya, yanzu fa? Da ɗan sauƙi?"

"Ban sani ba," in ji Casilda. "Miƙo min wancan damin."

In kana da rogo a bayan gida, ko tushe goma ne, gwada wannan. Ranar da ka ga hadari mai iska ya haɗo da gaske, datse biyar daidai gwiwa, ka binne itacen a inda iska ba ta bugu, ka bar biyar a tsaye. In gari ya waye ka fita ka ƙirga, ranar tono kuma ka auna garin kowane ɓangare daban. Kada ka tsaya jiran sai ka ji wani abu a ranka kafin ka ɗauki addar, kuma kada ka leƙa ƙofar maƙwabci. Ka dai gwada.