Fis na Ƙarshe a Aljihun Fatawu

Fatawu, mai gyaran wutar mota a Nima, bai taɓa ɗaure fis da waya ba, ko uban wa zai yi ihu. Ran nan trotron Alhaji Zulkifli, wato motarsa ta haya, ta ƙona masa fis uku na wutar birki, saura ɗaya tal a aljihunsa, fasinjoji sai tsaki suke.

"Ɗaura waya mu tafi, Masta!" in ji Alhaji.

"Gasassun fasinjoji za ka kai Makola, Alhaji?"

Yana gumi ya zagaya baya. Ashe ƙofar da aka ɗaure kan buhunan albasa ce ta datse waya. Ya naɗe ta da salatif, ya sa fis ɗin.

"Taka birki!"

Wuta ta kawo ja, ta zauna.