Ranar da Muka Ɗauki Kunkuru a Kafaɗa

A ƙasarmu ta Zuru, a zamanin da nake saurayi, ba a ba mutum mata don ya iya magana. Noma ake yi wa uban yarinya shekara bakwai, kai da abokanka, wannan shi ne golmo. Na yi nawa a gonar wani tsoho a Manga, kuma daminar da zan ba da labarinta ita ce ta ƙarshe, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi.

Tsohon nan ba ya yabo. Zama yake yi a gindin ɗorawa yana kallon kunyoyi, in ya ga wadda ta karkace sai ya nuna ta da sanda. Ran da za mu yi huɗar ƙarshe ya kira ni da safe ya ce, "In rana ta faɗi ba ku kai bakin rafi ba, golmo bai ƙare ba. Sai baɗi." Ba wasa yake ba, don ya taɓa ƙara wa manemin babbar 'yarsa shekara. Na jera samarina yadda ya kamata, masu ƙarfi a gefe, masu surutu a tsakiya inda zan gan su, muka kama aiki.

Rana ta take tsaka sai muka ji ƙara kamar ta keken ɗinki yana fushi. Kawuna ne. Tsohon soja ne, ya tuƙa manyan motoci a yaƙin Bama, ya dawo ya zama direban asibitin mishan. Abin da suka ba shi ya tuƙa kuwa wata 'yar mota ce mai ƙusumbi da muke kira kunkuru. Shi ya gaya mana tarihinta. Jamusawa ne suka ƙera ta kafin yaƙi domin talaka ma ya hau mota, injinta a baya yake, gaba kuwa wurin kaya ne, kuma ba a zuba mata ruwa, iska ke sanyaya ta. Yana faɗin haka yana ɓata rai, don a ganinsa an rage masa girma. Amma kullum da safe sai ya goge ta da tsohuwar rigarsa ta soja.

Ya tsaya a mashigi, ya ga rafi ya kawo har ƙugu. Magani ya ɗauko zai kai garin Kanya. Ya dubi ruwan, ya dubi motar, sannan ya dubi mu.

"Yara, ku zo ku ɗaga mini ita. Ba ta kai saniya uku nauyi ba."

Kafin in buɗe baki rabin samarina sun yar da garma. Na daka musu tsawa suka tsaya. Tsoho ya taso da sandarsa.

"Saje, yaran nan nawa ne har faɗuwar rana."

"Aron su zan yi, tsoho. Magani ne a ciki."

"Ku da kuka ci yaƙi, rafin Manga ya gagare ku?"

"A can da jirgi muke haye ruwa. Nan kuwa sai ku, ku da ba ku taɓa gina gada ba."

Tsoho ya zagaya motar. Ya ƙwanƙwasa mata ƙusumbi, ya leƙa ta gilashi, ya ce shi bai yarda akwai magani ba sai ya gani da idonsa. Kawu ya buɗe masa ƙofa. Ya shiga, ya zauna a kujerar gaba, ya ɗan yi tsalle a kanta don ya ji laushinta, ya ajiye sanda tsakanin gwiwoyinsa. Bai ko waiwayi kwalin maganin ba.

"To, fito mu ɗaga," in ji Kawu.

"Ba na fita. Ma'aikatana ne. In za su ɗauki kaya, ni za su ɗauka. Motarka ta bi ni."

Na dubi gonar, na ga abin da ya saura da yawa. Amma tunda abin ya zama dole, na ce a yi shi da tsari. Da farko muka saro dogayen itatuwa biyu masu kauri. Sannan muka zura su ta ƙarƙashin motar muka ɗaure da igiya. Bayan haka na sa dogayen samari ta wajen da ruwa ke gangarawa, gajeru ta sama. Ni na ɗauki baya, don na zaci mai ba da umarni a baya yake tsayawa. Na manta a nan injin yake. Har yau kafaɗata ta dama tana sanar da ni in za a yi ruwa.

Kawu ya wuce gabanmu yana ƙirga mana taku irin na soja. Muna tsakiyar rafi tsoho ya gano inda ake danna ham. Ya danna, samari biyu suka zabura, motar ta karkata, ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana murɗawa, wai yana gyara mana hanya. Ya leƙo ta taga ya ce na baya su daina jan ƙafa.

Muka sauke ta a tsallake lafiya. Kawu ya fitar da tsoho da ƙyar, ya tayar da motar ya wuce. A lokacin ne tsoho ya lura gonarsa tana wancan gefen. A al'adarmu saurayi ba ya ko haɗa ido da uban yarinyar da yake nema, amma ranar nan goya shi na yi. Muna cikin ruwa ya ce mini a kunne, "Motar ta fi ka daɗin hawa."

Muka koma kan garma kamar mahaukata, duk da haka rana ta faɗi da sauran kusurwa guda. Tsoho ya je ya tsaya a kanta, ya auna ta da sanda. Muka bi shi gida shan burkutun da ake ba 'yan golmo, ni ko kurɓa na kasa yi.

Dattawan unguwa suka taru, ya shiga ba su labari. Ya ce shi ya hau motar da tayarta ba ta taɓa ƙasa, ba ƙara, ba hayaƙi, kuma da kansa ya tuƙa ta ya haye rafi. Wani dattijo ya ce ƙarya ce, yaran nan ba za su iya ɗaga inji ba. Tsoho ya fusata, ya nuna ni da sanda.

"Ga wanda ya ɗauki wajen injin nan, surukina. Ku duba kafaɗarsa."

Dattawa suka duba kafaɗar, suka dubi juna. Wanda ya ƙaryata shi ya ce, "To, mun ji. Surukinka." Maganar da aka faɗa a gaban dattawa ba a janye ta. Washegari dai ya sa na ƙarasa kusurwar ni kaɗai, bayan kaka aka kawo mini matata.

Da na yi shekaru ina aiki na sayi tsohuwar kunkuru, ita ce motata har yanzu. 'Ya'yana sun gaji da cewa in sayar. Ina gaya musu motar da ba ta neman ruwa, makanikin kowane ƙauye ya san cikinta, in hanya ta ƙare kuma mutane su ɗauke ta, ba a rabuwa da ita. Ran da na kawo ta, surukina na fara ɗauka, ya tsufa ƙwarai. Na kai shi daga Manga zuwa Rikoto. Da muka tsaya ya ce an cuce ni, wannan girgiza take yi, ba ta kai ta farko ba.