Ruwan da Inna Ta Tace

Kowa a garinmu ya ɗauka ruwa mai gudu ba ya riƙe dauɗa. Ba gaskiya ba ne. Baba gwajinsa uku ne, irin na ruwan alwala: ya duba launi, ya shinshina, ya ɗanɗana. In babu abin da ya canja, sai ya tayar da inji ya saki wa alayyafo da albasa a lambunmu. Ni kuwa tun a sakandare aka gaya mana gubar dalma ba ta wari, ba ta ɗanɗano. Ga masu wankin zinari sama da mu kaɗan, lakarsu cikin gulbin da muke ban-ruwa da shi take gangarowa. Alayyafon nan kuma shi ne miyarmu kullum, har da ɗiyar yayata mai koyon tafiya.

"Mi kika sani?" in ji Baba. "Kakanki ruwan ga ya sha, ya mutu da haƙoransa."

"Zamanin kakana wa ke niƙa dutse a bakin gulbi?"

Ya juya ya tayar da injinsa.

Ran nan wata ma'aikaciya ta zo daga Anka ta raba kwalabe, ta ce kowa ya ɗebo irin ruwan da yake ba shukarsa, za ta karɓa da la'asar ta kai gwajin dalma. Ni na ɗebo namu, jajir da laka. Na ajiye a tsakar gida na tafi kai wa Baba abinci. Kafin in dawo an karɓa.

Inna ce ta miƙa. Da murmushinta take ba ni labari: ta jefa alam, ta bari ya kwanta, ta tace da sabon ƙyalle, ta wanke kwalbar tas.

"Inna, lakar fa suke son gani."

"Ke, baƙuwa zan miƙa wa ruwa kamar na kwata? Ta ce gidanmu ƙazamai ne?"

Na ajiye kwanon Baba na shige ɗaki.

Da sakamako ya zo, namu ya fi na kowa sauƙi. Maƙwabcinmu, da tiyonsa ke kwance gefen namu, aka ce ya dakata da ban-ruwa. Baba ya dinga nuna takardarsa a ƙofar masallaci. Na gaya masa abin da Inna ta yi, ya ce shi da takarda yake aiki, ba da surutun cikin gida ba.

Inji bai fasa tashi ba. Ina kallo yayata tana ɗura wa yarinyar miya, ba ni da wata da zan ba ta.

Wata kwalbar dai na samu. Ranar kasuwa zan ɗebo da kaina, da lakarsa, in hau babur zuwa Anka. Ko ma'aikaciyar na nan har yanzu, ban sani ba.