Kaset ɗin Gayyar Gumbin Kure

Ranar da Ticha Yohanna ya shigo shagona rungume da kwalin kaset, har yau ban manta da ita ba. Lokacin kwasar albasa ne, motocin Aliero sun cika bakin tashar Jega, warin albasa har cikin shago. Ku da kuka shigo sana'ar nan a zamanin memori ba ku san Ticha ba. Mutumin Filato ne, Kirista, aikin koyarwa ya kawo shi ƙasar Maiyama tun yana saurayi. Ya fara daga ƙaramin malamin aji, ya yi ritaya yana mataimakin shugaban makarantar sakandare. Ni kuma tun ina yaron shagon yayana, lokacin da aikinmu kwafar kaset ne da rikoda mai baki biyu, yake sayayya a wurinmu.

Ya ajiye kwalin, muka gaisa, ya ce mini ɗiyarsa za ta zo ta ɗauke shi ya koma gida. Matarsa ta rasu, idonsa ya fara rauni, 'ya'yan sun ce ba za su bar shi shi kaɗai ba. Rikodarsa ta mutu, babu mai gyara. Abin da yake so shi ne in juye masa kaset ɗin nan duka a memori, ya riƙa ji a 'yar rediyon da aka saya masa.

Bari in yi wa ƙanana bayanin aikin, don ba irin turin waƙoƙi a waya da kuka saba ba ne. Ba a juye kaset da danna maɓalli ɗaya. Sai ka haɗa rikoda da kwamfuta da waya, ka kunna, ka zauna kaset ya yi ta juyawa har ya ƙare, ka juya bayansa. In na awa ɗaya ne, awa ɗaya za ka zauna. Kafin ka saka shi ma sai ka duba zaren, ko ya yi fumfuna ko ya manne, ka zagaya shi da biro a hankali, ka goge bakin rikoda da auduga da sifirit. In wuta ta ɗauke a tsakiya, ka koma farko.

Na ce masa ai da yawa daga cikin waɗannan ina da su a kwamfuta, sun fi nasa tsabta, in tura masa yanzu ya tafi. Ya ƙi. Ya ce shi nasa yake so, kuma kowane kaset a bar shi yadda yake, waƙa ta ɗaya kafin ta biyu, gaba kafin baya. Ya ce idan waƙa ta ƙare, kunnensa ya riga ya san wadda ke biye, in aka sauya masa sai ya ji kamar an sauya masa hanyar gida.

Haka muka shiga aikin. Kullum da hantsi sai ya hau mota daga Maiyama ya zo ya zauna a bencin nan na bakin ƙofa, ni ina turin masu waya, rikoda tana juyawa a gefe. Kowane kaset na saka sai ya ba ni tarihinsa. Na farko-farkon waƙoƙin coci ne da harshen garinsu, su ya zo da su a jakarsa. Ya ce a shekararsa ta fari ba ya jin komai sai su, ya rufe ɗaki ya kunna, kiɗan mutanenmu kuwa ciwon kai yake sa shi, yana jin kamar ana ta dukan abu ɗaya ba ci gaba. Bayansu akwai na jita irin na kudu, na lokacin da yake neman aure. Akwai na Indiya guda da yawa, na marigayiya matarsa ne, shi bai taɓa son su ba, amma ya ce in juye, kuma ranar da muka saka su ya zauna ya saurare su har suka ƙare. Daga nan sai kwalin ya koma na gida: gangar noma, kalangu, kukuma, molo. Waɗannan su ne suka fi yawa, kuma su ne murfinsu ya fi tsufa saboda hannu.

Na tambaye shi yadda aka yi mai ciwon kai ya koma haka. Ya yi dariya, ya ce da Hausar nan tasa da ta gama zama ta mutanen Maiyama, "Ai ban iya jin shi ba sai da na riƙa kalme na shiga noma. Wanga kiɗi ba na zaune ba ne, Bello."

Ashe wani uban ɗalibinsa ne a Gumbin Kure ya ba shi aron gona, ya kuma kira masa gayya, wato a taru a yi wa mutum noma rana ɗaya. A nan ya ga abin da ganga ke yi. Mutane sun jeru, makaɗi yana bayansu, kowane sara yana faɗuwa tare da bugu, wanda ya gaji a kira sunan kakansa sai ka ga ya miƙe. Ya ce tun daga ranar kunnensa ya buɗe.

Can ƙasan kwalin akwai kaset ɗaya da ba na kasuwa ba. Shi da kansa ya ɗauka a wata gayyar a can Gumbin Kure, da rikoda mai batir da ya rataya a reshen itace. Makaɗin sunansa Ummaru, ya daɗe da rasuwa, kuma bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba. In ban da wannan kaset, babu inda muryarsa ta saura.

Na ɗauko shi na duba. Zaren ya yi fari-fari da fumfuna, ya tsinke kusa da farko, ɗan soson da ke tallafe shi ya faɗi. Na gaya wa Ticha gaskiya, cewa in na saka shi haka rikoda za ta tauna shi, in kuma na buɗe, zai yiwu ya watse a hannuna. Ya ce in buɗe. Na rufe shago rabi don kada iska ta shigo, na kwance ƙusoshin, na ɗauke zaren da faifansa na mayar cikin gidan wani kaset mai lafiya. Na yanke bakin da ya tsinke, na haɗa da ɗan salatef siriri ta baya, na bi shi da auduga busasshiya ina juyawa da biro. Na tayar da janareto duk da akwai wuta, don irin wannan zare sau ɗaya zai yarda ya wuce.

Ya wuce. Da farko shuu kawai ake ji da hayaniyar mutane, sai muryar wani dattijo tana gaida jama'a, tana tsokanar wani da ya zo da kalme marar kaifi. Sai ganga ta tashi. A bayanta akwai kanzagi, ƙaramar gangar nan da ke raka babba, yana tafiya tsaf ba ya kuskure. Ticha ya nuna rikodar da yatsa, ya ce mini wannan mai kanzagin na san shi. Ɗan Ummaru ne, Abdullahi, wanda yanzu yake da makarantar allo a Birnin Malam.

Na san Malam Abdullahi ƙwarai. Duk ranar kasuwa yakan biyo in tura masa karatun Alƙur'ani da tafsiri. Mutum ne mai sanyin hali, bai taɓa yi mini wa'azi a kan sana'ata ba, amma in na hango shi nakan kashe lasifika, shi ma ya san don shi na kashe. Ban taɓa sanin ɗan makaɗi ne ba. Ticha ya ce tun Abdullahi yana matashi ya ajiye kanzagi ya tafi neman karatu, bai sake taɓa ganga ba. Ya ce yana so kafin ya bar ƙasar nan ya damƙa masa muryar ubansa.

Na ce masa a bi a hankali. Ya ce ba shi da lokacin bi a hankali, ɗiyarsa na tafe.

Ranar kasuwa Malam ya zo. Suka gaisa da Ticha gaisuwa mai tsawo, har da riƙe hannu, don ashe Malam ya ɗan zauna a ajin Ticha a firamare. Sai Ticha ya gaya masa abin da muka samu, ya miƙa masa memorin da na riga na shirya. Malam bai karɓa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Ticha, Allah shi saka. Amma wanga abu na bar shi da daɗewa. Ba ni son in koma gare shi."

Ticha ya ce ai ba kiɗa yake ba shi ba, ubansa yake ba shi. Malam ya ce ya gane, ya sake godiya, ya yi mana sallama. Ko tafsirin da ya zo nema bai tsaya karɓa ba.

Ticha ya ji ciwo. Ya ce da ya sani da bai yi maganar ba, kada ya zama ya kunyata malami a gaban mutane. Ni ma ban ji daɗi ba, na yi zaton na rasa Malam ke nan. Muka ƙarasa sauran kaset ɗin ba tare da hirar da muka saba ba. Ɗiyar ta zo, na saka masa memorin a rediyo, na jera masa kowane kaset a rukuninsa daban cikin memorin yadda ya ce, na nuna wa ɗiyar yadda za ta riƙa nemo masa. Memorin Malam kuwa ya bar mini shi, ya ce in yi yadda na ga dama da shi.

Kasuwa ta ci, ta sake ci, Malam bai zo ba. Sai wata rana da ba ta kasuwa ba, bayan azahar, shago babu kowa, na ji sallamarsa. Ya zauna a bencin. Bayan gaisuwa ya tambaye ni ko a cikin abin nan akwai wurin da tsohon yake magana ba tare da ganga ba.

Na ce akwai. Akwai farko inda yake gaida mutane, akwai tsakiya inda ya tsaya ya nemi ruwa yana tari, akwai ƙarshe inda aka tashi daga aiki ya yi addu'ar Allah ya ba da damina mai albarka, jama'a suna amin. Ya ce ko zan iya cire masa waɗannan kaɗai. Na ce aikina ne. Na buɗe sautin a kwamfuta, na yanke duk inda ganga ta shiga, na haɗa gutsattsarin wuri ɗaya. Duka-duka bai fi tsawon gaisuwar safe ba. Na ba shi abin sawa a kunne, na juya na kama goge teburin da ba shi da datti.

Ya saurara, ya ce in maido, ya sake saurara. Da ya cire abin daga kunnensa sai ya goge fuska da gefen rawaninsa. Ya ce mini shekarun nan duka yana ƙoƙarin tuno muryar, ba ta zo masa ba, sai fuskar kawai. Ya ce mutane suna zaton faɗa suka yi da ubansa, alhali ba su taɓa yi ba. Duk lokacin da ya dawo gida hutu daga karatu, tsohon yakan kwashe gangunansa ya kai ɗakin maƙwabci, don kada ɗansa ya shigo ya gan su ya ji nauyi. Shi Malam bai taɓa ce wa tsohon ya yi hakan ba, kuma bai taɓa yi masa godiya ba.

Na tura masa a wayarsa. Ya tashi zai tafi, har ya kai ƙofa, sai ya juyo.

"Bello, kai ka ji shi duka. Mai kanzagin nan, shina bin tsoho daidai?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ko sau ɗaya bai kauce ba."

Ya yi ɗan murmushi. Sai ya ce cikakken, mai gangar, kada in goge shi. Shi ba zai ji ba, amma yana da 'ya'ya, kuma kakansu ne, in sun girma wani ya zo ya tambaya in ba shi.

Da yamma na kira Ticha na gaya masa. Ya sa na maimaita masa maganar ɗakin maƙwabci, ya ce shekara da shekaru yana ganin gangunan nan a gidan maƙwabcin, bai taɓa sanin dalili ba. A bayan muryarsa ina jin rediyon tana yi, kuma ba waƙar garinsu ba ce, gangar Ummaru ce.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da yanzu mutum ke miƙo muku waya ya ce a cika masa, shi ne kada ku yi wa kowa dariya a kan abin da ya nema, kada kuma ku yanke masa abin da ya kamata ya so. Ni kaina da ƙuruciya waƙoƙin fim nake kwana ji, ina raina masu molo, yau molon nake kunnawa in na rufe shago. Kunnen mutum yana tafiya tare da rayuwarsa, wani ta kai shi ga ganga, wani ta ɗauke shi daga gare ta, kuma ba a bencinmu ake hukunta wannan ba. Namu shi ne mu tambayi mutum abin da yake so, mu ba shi daidai gwargwadon da zai iya ɗauka, sauran mu adana masa da kyau. Gayyar Gumbin Kure tana cikin kwamfutar nan, na kuma ajiye kwafinta a gida. Duk wanda ya gaji shagon nan a cikinku, in wani ya zo daga Birnin Malam ya ce shi jikan Ummaru ne, ku zaunar da shi, ku kunna masa tun daga farko.