Maraƙar da aka bar mini amana

A shekarar farin da aka yi zamanin mulkin soja, Fulani suka riƙa ratsa Matameye da ragowar shanunsu sun nufi kudu. Wani dattijo cikinsu ya tsaya ƙofar gidana da maraƙa saɓe a wuya, uwarta ta faɗi a hanyar Tsauni ba ta tashi ba. Ya ce amana ce: in ta mutu ba komai, in ta rayu zai dawo. Na karɓa da saurina, don na tabbata ba za ta kai Juma'a ba. Lada mai arha nake nema.

Ta ƙi mutuwa. Ni malamin lakwal, wato makarantar boko, da ban taɓa kiwon ko kaza ba, na koma dama mata kunu da jar dawar taimako da sojoji ke rabawa, ina tsoma yatsa tana tsotsa. Matata, wadda ta sha rana a layin karɓo dawar, ta ce ita tunda aka kawo ta gidan nan tana amarya ban taɓa tambayarta ko ta ƙoshi ba. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na yi fushi.

Ina gaya wa mutane ajiya kawai nake yi, ba ruwana da ita. Amma ranar kasuwa in na hango malafar Bafulatani sai in sake hanya. Da aka fita roƙon ruwa na ce amin da ƙarfi kamar kowa, ban tuna ciyawa ce za ta dawo da mai maraƙar ba.

Bayan damina biyu dattijon ya zo. Na shirya gardama, tunda ta zama karsana, ta yaya zai shaida ta? Bai ko shiga gidan ba. Daga bakin zaure ya yi wani kira irin nasu, ta fizge igiya ta fito.

"Malam, ɗan farinta naka ne, haka al'adarmu take," in ji shi.

Na ce masa, "Riƙe abinka, Baba, ba ni da wurin dabba."

Na raka su har bayan tasha, wai ina nuna masa hanya. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Da na dawo na tarar da matata tsaye tsakar gida riƙe da ƙwaryar dusar da ta jiƙa wa karsanar bisa sabo. Muka kalli juna, aka rasa wanda zai yi wa wani dariya.