Indararo Shida na Cocin Garinmu

Ranar Alhamis ce, ƙarshen bazara. Na idar da sallar asuba, na sha kokon da matata Hajara ta dama. Ƙarfe shida da rabi na saɓa tsani na nufi coci. Ni Musulmi ne ɗan Musulmi, kuma ni ne maginin cocin Lutaran na garinmu, can arewa da Kunci. Wanda abin ya ba mamaki ya yi haƙuri, ubana ne ya jawo mini.

Ban fi shekara bakwai ba aka yi ginin. Wasu malaman makaranta ne da aka turo daga wajen Adamawa suka haɗu da 'yan gidajen Maguzawan da suka shiga addinin Kirista, suna taruwa a gindin tsamiya. Da suka tashi yin gini, fastonsu ya kawo wa ubana, Audu Magini, hoton wani coci na ƙasar Turawa mai dogon kai. Ubana ya juya hoton sama da ƙasa ya miƙa masa abinsa. Ya ce shi ƙasa ya sani da azara. In suna so zai yi musu irin aikin da ya yi wa masallacinmu, in ba sa so ga hanya nan. Suka ce suna so.

Tubali ya ɗora, bango kamu biyu a gindi. Ya ɗaura bakan gizo uku daga bango zuwa bango, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, har faston ya ƙi shiga sai da ubana ya hau sama ya yi tsalle. Rufin ya kasu uku, kowane kashi da bakansa. Ya kewaye shi da rawani, wato gajeren bangon nan na bakin rufi, ya huda wa kowane kashi indararo biyu, ɗaya kudu ɗaya arewa. Abu ɗaya ya ɗauka daga hoton, tagogi dogaye masu tsinin kai. Inda ake sa zanko ya sa musu giciye na ƙasa. Ƙofa tana yamma, bagadinsu yana gabas. Ubana yakan tsokane su da cewa sun sha zagaye sun dawo alƙibla. Ƙararrawarsu kuwa guntun ƙarfen dogo ne da aka rataye a tsamiyar.

Da zai rasu ya bar mini rufi uku: na masallaci, na zauren dagaci, da na coci. Ya ce ginin ƙasa ba ya tsoron wuta, ba ya tsoron iska, ruwa ne ajalinsa, duk shekara in hau kafin damina. Masallaci aka rushe aka yi na siminti. Zauren dagaci ya bi bayansa. Ba wanda ya tambaye ni. Coci kaɗai ya rage a duniya cikin aikin hannun ubana. Shi ma samarinsu sun daɗe suna kwaɗayin kwano, dattijonsu Baba Dauda ne ya tsaya kai da fata. Shi ya yi wa ubana miƙon tubali yana saurayi.

A shekarar tsofaffin indararon duk sun tsage. Aka yo sababbi shida wajen masu ginin tukwane na Dawakin Tofa, na jera su a gindin tsamiya. Sun fi tsofaffin siriri. Don haka ranar Laraba na cire tsofaffin, na cike ramukan da kwaɓi mai makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, in ya bushe in sake huda su daidai da bakin sababbin. Haka ubana yake yi. Wannan yana nufin kwana uku rufin ba shi da mafitar ruwa ko ɗaya.

Da safen nan na tarar da Baba Dauda yana shara a ƙofar coci.

"Tanko, ka kafa su yau mana. Jiya na ga walƙiya a gabas."

"Baba, kai ka san littafi, ni na san ƙasa. Sai Asabar."

"Bakin ubanka ka gado, ba hannunsa kaɗai ba," ya ce, ya ci gaba da shararsa.

Ƙarfe tara saura kaɗan ina sama ina yaɓe. Na ji ƙugi daga arewa. Na ɗauka injin niƙa ne. Ƙugin ya ƙaru, ya rabu gida-gida. Na miƙe. Babura ne, suna ratso gonaki, ba su bi hanya ba. Mutum biyu-biyu, wasu uku. Na ƙirga ashirin na daina. Na san ko su wane ne, an daɗe ana jin labarinsu a garuruwan da ke bayanmu.

Na leƙa na yi wa Baba Dauda ihu. Bai tambaye ni komai ba. Ya jefar da tsintsiya ya ɗauki guduma ya hau dukan ƙarfen. Ba a taɓa jin ƙarfen nan ranar Alhamis ba, don haka duk gari ya gane. Na sulmiyo daga tsani, tafin hannuna ya sale. Na ja rigarsa, ya fizge.

"Je ka ɗauki iyalinka."

Harbin farko ƙarfe tara daidai, ta wajen kasuwa. Na isa gida Hajara ta riga ta fito da 'yan matanmu biyu, ba ɗankwali. Muka bi ta bayan rumbuna. Ta katanga muna jin muryoyin masu baburan.

"Kwanta!"

"Ina shanun?"

"Kai, tsaya nan!"

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane ba. Babu daji. Gona ce ta haɗu da gona har iyakar ganinka, kuma duk an yi sharar gona ana jiran shuka. Ko kara ɗaya babu a tsaye. Da damina ce dawa za ta haɗiye mutum. Ranar nan kamar ƙuda a faranti muke. Muka yi ta gudu a fili. Wani maƙwabcina yana gabana da taku biyar ya kifa, bai ƙara motsi ba. Na tsallake shi. Na faɗa ne domin haka abin ya faru.

Ƙarfen yana ta kuka a bayanmu. Tara da kwata muka faɗa cikin busasshen rafi, muka kwanta a yashi. Ƙarfen bai daina ba. Tara da minti ashirin ya yi shiru a tsakiyar bugu. Hajara ta dube ni, ban dube ta ba.

Ƙarfe goma hayaƙi ya tashi wuri huɗu. Ɗaya na san daga ina yake. Muka bi rafin a sunkuye har azahar. Yashin ya ƙone ƙafar ƙaramarmu, na goya ta. Ba ruwa. La'asar sakaliya muka shiga Kunci, aka zuba mu a wata makarantar firamare, Musulmi da Kirista aji ɗaya, kowa yana kiran sunan nasa.

Ranar Asabar aka ce za a raka maza su binne gawa. Mota biyu, masu kaki da bindigogi, awa ɗaya aka ba mu. Na shiga ta farko.

Cocin yana tsaye. Sun tara bencina a tsakiya sun cinna wuta. Ƙofa ta cinye, bagadi ya zama toka, ciki ya yi baƙi ƙirin. Na ɗaga kai. Bakan gizo uku, ko tsaga babu. Ina jin kunyar faɗa, amma a tsakiyar gawarwakin mutanena sai da na ji daɗi ya ratsa ni. Ubana bai yi ƙarya ba.

Baba Dauda yana kwance a gindin tsamiya, gudumar tana kusa da hannunsa. Indararon suna jere a gefensa yadda na bar su. Mu huɗu muka haƙa masa a jikin bangon gabas, 'yan cocinsu suka yi masa addu'arsu a gaggauce. Daga nan na je maƙabartarmu na kama wa namu. Diga bai huta ba.

Saura minti goma na dawo coci da gudu. Tsanina ya ƙone. Na samo doguwar gora na ɗaura mata rodi a kai, na tsaya a ƙasa ina sukar ramin arewa na kashin gabas. Kwaɓin ya sha rana kwana uku, ya zama dutse. Da ma na yi algus a aikin nan, da bugu biyu ya isa. Ƙasa tana zubo mini a ido. Na ji rodin ya zarce. Ɗaya ya buɗe. Na matsa ga na biyu.

"Mota! Kowa mota!"

Na ce, "Yallaɓai, minti goma, don girman Allah. Ramuka biyar ne kawai."

"Malam, gawa muka zo binnewa, ba gini ba. Mota!"

Na ƙara suka ɗaya. Wani ya shaƙo wuyan rigata ta baya. Gorar ta faɗi. A mota na zauna ina kallon giciyen har ya ɓace.

Abin da ya biyo baya shi ya fi cin raina. Sau uku ina zuwa shingen da aka kafa a mararrabar garinmu. Na yi bayani da baki, na zana a ƙasa da tsinke: ga rawani, ga rami, ga ruwa. Mai kaki na farko ya yi dariya. Na biyu ya ce in kawo takarda, bai faɗi daga wurin wa ba. Na uku ya ce masu baburan suna nan kusa, in na wuce babu mai zuwa ɗauko gawata. Gaskiya ya faɗa, amma ban gode masa ba. Na gwada zagayewa ta gonaki da sassafe, aka hango ni, aka maido ni da mari biyu. Daga ranar Hajara ta ɓoye mini takalmi.

A makarantar ma ban sami mai saurare ba. Namu suka ce mutane sun rasa 'ya'ya da shanu, ni kuwa ina kukan indararon coci. Wani har ya tambaye ni ko na sauya addini ne ba a sani ba. Na ce masa in ya taɓa ɗora tubali ɗaya a kan wani ya zo mu yi magana. 'Yan cocin kuma yawancinsu sun wuce Kano wajen dangi. Na tari ɗaya daga cikin samarinsu yana shirin shiga mota, na faɗa masa. Ya dafa ni ya ce, "Baba Tanko, bar shi. In an koma sai a yi na kwano." Ban taɓa jin sha'awar marin ɗan mutum irin ta ranar ba. Na kuma san ubansa yana cikin waɗanda muka binne, sai na haɗiye.

Wa zan zarga? Masu babura ba su san ma akwai rufi ba. Masu kaki rai suke tsarewa. Ni ne dattijo ya ce wa ka kafa su yau, na ce sai Asabar. Da na sani ƙeya ce, na kuwa sha juyawa ban gan ta ba.

Kwana goma sha ɗaya da gudunmu, bayan la'asar, gabas ta haɗe. Iska ta taso, ta kwanta. Ƙarfe biyar ruwa ya sauko. Mata suka fita da bokitai. Manoma suka tsaya a baranda suna kallo, kowa yana tunanin gonarsa. Ni rufi nake gani. Na san shi kamar tafin hannuna. Na san inda ruwa zai fara taruwa, na san sanda zai kai idon sawu, na san sanda zai kai ƙwauri ya tsaya a bayan rawani yana neman hanya. Na san ƙasa za ta sha, ta yi nauyi, azara ta fara kuka. An yi awa biyu ana yi. Bayan kwana biyu aka sake. Daga nan na daina fita baranda.

Sai da aka yanke gero a garuruwan mutane aka bar mu muka koma. Ban shiga gidana ba, na wuce.

Kashin yamma ya zube. Na tsakiya ya bi shi. Azara ta karye ta cake a ƙasa, ciyawa ta fito a kan tulin har gwiwa. Bangon kudu ya narke rabi, tagogi biyu sun tafi da shi. Kashin gabas yana nan da bakansa. Ruwa ya bi ramin da na huda ya ci bangon ya yi masa kwari, amma rufin bai sauko ba. A ƙarƙashinsa ƙasa a bushe take.

Na zauna a bakin kabarin Baba Dauda na ƙirga. Mutum tara muka binne. Bakan gizo biyu cikin uku sun zube. Gidajen 'yan coci goma sha huɗu ne, uku suka dawo. A gindin tsamiya suke taruwa yanzu, kamar yadda iyayensu suka fara. Ba su ce in gyara ba, ban ce zan iya ba. Ɗaurin baka sai ubana, ni yaɓe na gada.

Indararon suna nan jere a inda na ajiye su. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya bai fashe ba. Washegari na ari tsani na kafa ɗaya a ramin arewa. Biyar na kawo gida.