Filin Ƙwallon da Nafi'u Ya Gina da Baki

Ku 'ya'yan yanzu, ku ji tsoron Allah.

Uba ya aike ku, ku ce "to" idonku na kan waya. Ya tambaye ku, ku amsa masa a tsaye, ƙafa ɗaya a ɗaki ɗaya a waje, kamar wanda ya shigo ɗiban wuta.

Ku nutsu ku karanta wannan har ƙarshe.

Sunana Tabawa. Kifi nake soyawa a bakin kogin garinmu, kuma rumfata tana kallon wurin da aka gina sabon filin ƙwallo.

Tun ranar da katafila ta fara ture yashi ina wurin. A gabana aka haƙa rami, aka kafa rodi, ginshiƙai suka miƙe. A gabana kuma damina ta sauka, kogi ya cika ya shigo har gindin ginin, aiki ya tsaya cak wata da watanni.

Wata rana, wata Asabar da hantsi, ruwa bai daɗe da janyewa ba, sai ga mai Keke ya tsaya a gaban rumfata. Ya sauke wani dattijo ya tafi.

Makaho ne. Farar babbar riga ta sha guga, hula sabuwa, ƙamshin turarensa har ya danne na kifina.

Ya tsaya da sandarsa, ya karkata kai yana saurare.

Ya yi sallama na amsa. Na ce, "Malam, kifi ne?"

Ya ce, "A'a, baiwar Allah. Ƙofar shiga nake nema. Ko na yi sammako ne? Ban ji ganga ba, ban ji hayaniyar jama'a ba."

Na ce, "Ƙofar shiga ina?"

Ya ce, "Filin mana. Ba yau ake buɗewa ba?"

Na ɗaga kai na dubi ginin.

Ginshiƙai tsirara. Rodi ya yi tsatsa. Tsakiyar fili kududdufi ne, balbelu na tsaye a ciki.

Ni ba na tauna magana, kowa ya sani. Amma ranar ban faɗa masa nan take ba.

Na jawo masa benci, na ba shi ruwa. Na ce, "Malam, wa ya ce maka yau ne?"

Ya yi murmushi. "Autana, Nafi'u. Shi ke zuwa yana duba min aikin duk Juma'a."

Babu mai zuwa wurin nan da ban san fuskarsa ba. Ban san wani Nafi'u ba.

Na bar shi ya ba ni labari.

Sunansa Mamuda. Ya ce a zamanin samartakarsu, idan rani ya yi kogi ya ja baya, a kan wannan yashin suke buga ƙwallo. Ba takalmi, ba raga, gora biyu suke kafawa. Shi ke tsare gida, har sunan ya bi shi: Mamuda Gola.

Ciwon suga ne ya tafi da idanunsa.

Ranar da ya ji a rediyo cewa a kan yashinsu za a gina fili, ya ce ji ya yi kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ya kira Nafi'u, mai shagon gyaran waya a kasuwa, ya roƙe shi abu guda: in an sauko daga masallacin Juma'a, ya biyo ta bakin kogi, ya ga inda aiki ya kai, ya zo ya faɗa masa.

Nafi'u ya ce to.

Dattijon ya fara lissafa min, fuskarsa cike da annuri.

"Ya ce an kafa kujeru, shuɗi da fari. Wata Juma'ar ya ce an ɗora rufi. Ya ce an shimfiɗa ciyawa. Ya ce in an kunna fitilu, har cikin ruwa ake ganin haskensu."

Yana faɗa, idona ya sauka a kan babban allon da aka kafa a bakin hanya, mai hoton yadda filin zai zama idan an gama.

Kujeru shuɗi da fari. Rufi. Ciyawa. Fitilu a cikin ruwa.

Hoton nan kowa na da shi a waya. Shi yaron yake gutsura wa ubansa, Juma'a bayan Juma'a. Da yake bai taɓa zuwa ba, bai san kogi ya tsayar da aiki ba. Bakinsa na ta gini, har ya kai ƙarshen hoto. Da ya rasa abin ƙarawa, sai ya ce ranar Asabar za a buɗe.

A ransa, ina makaho zai je?

Malam Mamuda ya ɗan ɗaga babbar rigarsa. "Duba nan, baiwar Allah."

A ƙarƙashi yana sanye da wata tsohuwar rigar ƙwallo, ruwan ɗorawa, ta koɗe ta yi masa yawa. An ɗinka mata lamba ɗaya da zare da allura.

Ya ce, "Uwar Nafi'u ce ta ɗinka min, Allah Ya jiƙanta. Na ce yau sai ta shiga filin nan."

Na ce amin.

Sannan na faɗa masa, don ni ba zan ɗora masa wani bulo a kan ƙarya ba.

Na ce, "Malam, ba a gama ba. Ba rufi, ba kujera, ba ciyawa. Ginshiƙai ne kawai da laka."

Ya sauke rigarsa a hankali, ya gyara mata zama.

Can ya ce, "To, ki kai ni in gaisa da abin da ke akwai."

Ni da ko gobara ake ba na barin kaskona, ranar na sauke shi daga wuta. Na kama bakin sandarsa, shi yana riƙe da ɗaya bakin, muka nufi ƙofar kwano ta shiga filin. Maigadi ya dube mu, ya buɗe bai yi tambaya ba.

Da ƙafarsa ta taka yashi, sai ya cire takalmi.

Ya yi ta tafiya yana laluba ƙasa da tafin ƙafa, har ya isa wani ginshiƙi. Ya ɗora masa hannu, ya shafa shi daga sama zuwa ƙasa kamar mai shafa kan jika.

Muna nan sai ga ƙarar babur.

Wani saurayi ya diro, gumi ya jiƙa masa riga. An gaya masa a gida tsoho ya ci ado ya fita. Da kunnena na ji abin da ya tambayi maigadi.

Ya ce, "Nan ne filin?"

Ku ji fa. Nan ne filin!

Ya shigo yana waige-waige, yana kallon ginshiƙai kamar baƙon da ya sauka a tasha. Da ya hango ubansa cikin farar riga, ƙafa duk laka, sai ya ƙaraso gabansa. Ya durƙusa a wurin.

"Baba, ka yafe min. Ban taɓa zuwa ba. Na ga kana jin daɗi ne, kuma na ce ai ba gani za ka yi ba."

Malam Mamuda bai ɗauke hannunsa daga ginshiƙin ba.

Ya ce, "Filin da ka gina min ya fi wannan kyau, Nafi'u. Har fitilu ka sa min. Amma duk a tsaye ka gina shi, a bakin ƙofa. Ko ƙaryar ce, ai da ka zauna ka yi min ita."

Saurayin ya fashe da kuka.

Ni kuka ba ya ruɗa ni. Na ce, "Kai, tashi. Hawayenka ba siminti ba ne. Ungo."

Na danƙa masa bakin sandar a hannu.

Na ce, "Juma'a ina nan. In ban gan ku ba, har shagonka zan zo in yi maka a gaban abokanka."

Ya ce, "Za mu zo, Iya."

Suka zo kuwa.

Juma'ar ta gaba ma suka zo. Da ta bayanta.

Aiki ya dawo gadan-gadan. Aka zuba matakala, Nafi'u ya kama hannun ubansa ya ɗora a kai. Aka kawo kujeru, ya zaunar da shi a ta farko tun ledarta ba a cire ba. Ashe ma ba shuɗi da fari ba ne, kore ne. Tsohon ya yi ta dariya har da tari.

Leburori suka saba da shi. Da sun hango farar riga sai ka ji, "Gola ya iso!" Duk abin da aka kawo sabo a makon, sai sun kai shi ya taɓa.

Ranar da aka shimfiɗa ciyawa, ya durƙusa ya tura yatsunsa a ciki, ya daɗe bai ɗago ba.

Ranar da aka kafa raga, suka ce lallai sai ya tsaya a gida. Ya tuɓe babbar riga, ya rage daga shi sai 'yar ruwan ɗorawar nan. Wani birkila ya gangaro masa da ƙwallo a hankali. Ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige.

Ya ce, "Satar gida ce! Ina alƙalin wasa?"

Har ni sai da na dara.

In sun gama zagaye, a rumfata suke yada zango. Nafi'u ya kife wayarsa a kan benci, ya zauna, ya cire wa ubansa ƙayar kifi ɗaya bayan ɗaya, ya sa masa tsokar a tafin hannu. Su yi ta hira har la'asar.

Yaron ya gyaru. Ni shaida ce, kuma ba na yabon ɗan yanzu a banza.

Sai dai akwai abu guda.

Ba komai hannu ke kaiwa ba. Rufi yana sama. Fitilu suna sama.

Duk ranar da Nafi'u ya ce, "Baba, an rufe ɓangaren kogi," ko "Baba, an ɗaura fitilu," sai tsohon ya juyo da fuskarsa wajena.

"Tabawa, haka ne?"

Ba da faɗa yake yi ba. Ba da gori ba. Fita kawai take yi daga bakinsa.

Ni kuma in ce, "Haka ne, Malam." In ga Nafi'u ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur.

Wata Juma'a da yaron ya je ɗebo ruwan wanke hannu, na ce, "Malam, ka daina tambayata a gabansa. Yana jin ciwo. Ba ka yafe ba ne?"

Ya ce, "Tun a gindin ginshiƙin nan na yafe, Allah ne shaidata. Zuciyata ta yafe, Tabawa. Kunnena ne ya ƙi."

Ban sake ɗaga maganar ba.

Ranar buɗewa ta gaskiya ta zo.

Wannan karon akwai ganga. Akwai jama'a har kan kwale-kwale. Na rufe rumfa, na yafa mayafina, na bi su. Ni da ban taɓa kallon ƙwallo ba tunda uwata ta haife ni.

Kujerunmu suna can sama. Nafi'u ya miƙa min sandar, ya durƙusa, ya goyi ubansa a baya, ya hau da shi matakalar nan har ƙarshe. Mutane na matsawa suna cewa, "Allah Ya yi maka albarka."

Aka fara wasa. Bakinsa na kunnen tsoho, yana faɗa masa wa ya karɓa, wa ya ba wa, wa ya faɗi. Har muryarsa ta dushe bai tsaya ba.

Can sai 'yan garinmu suka jefa ƙwallo a raga.

Filin ya ɗauki ihu, har kujerar da nake kai tana rawa. Nafi'u ya rungume ubansa.

"Baba, mun ci! Wallahi mun ci!"

Dubban mutane na ihu a kunnensa. Ɗansa na rantsuwa a ƙirjinsa.

Malam Mamuda ya juyo da fuskarsa wajena.

"Tabawa, haka ne?"

Na ce, "Haka ne, Malam."

Sai a lokacin ya ɗaga hannuwansa sama yana kabbara.

Na dubi Nafi'u. Kowa a filin nan yana tsalle, shi kaɗai ne a zaune. Yana murmushi, hawaye na bin kumatunsa, ya riƙe gefen tsohuwar rigar nan kada ubansa ya faɗi.

Ba a dake shi ba. Ba a tsine masa ba. Ubansa na sonsa fiye da da.

Amma har yau, in ya faɗi gaskiya, sai mai soya kifi ta sa baki kafin ubansa ya karɓa.

Wannan shi ne abin da yake biya.

Darasi: Tsohon da ya aike ka dubo masa abu, ba labarin kaɗai yake jira ba, zamanka yake jira. Ka je inda ya aike ka, ka dawo ka zauna, ka faɗi abin da ka gani. Yafiya a rana ɗaya ake samunta. Yarda kuwa, in ka rushe ta, za ka daɗe kana ɗaukar bulo.

Ku tura wa duk wanda kuka san tsohonsa na zaune a ɗaki yana sauraren ƙarar babur. In kai ne, kada ka tura wa kowa. Tashi ka je.